Tabarau da Hannun da Ya Ƙera Shi

Duk lokacin da marubutanmu suka tashi yabon kayan aikinsu, alƙalami ne ke kwashe rabo mai tsoka. An yi masa kirari, an yi masa waƙa, an ce ya fi takobi kaifi, tawada da takarda ma sukan ɗan samu nasu kason. To amma ban taɓa jin wanda ya tsaya ya ce wa tabarau ko da sannu da aiki ba, alhali kuwa in mai karatu ya dubi teburin manyan baƙi a duk wani taron ƙaddamar da littafi, zai tarar da yawansu ba sa iya karanta takardar jawabinsu sai sun laluba aljihun gaba. Ni ma yanzu a layinsu nake, shi ya sa na ga ya dace in yi wannan ɗan tsokaci.

Abin da ke faruwa ba ciwo ba ne, girma ne. A cikin idon ɗan Adam akwai wata 'yar ƙwaya mai laushi da ke tankwashewa domin ta kamo abin da ke kusa, to daga shekara arba'in zuwa arba'in da biyar sai ta soma taurara, sai ka ga mutum yana ta nisanta takarda da fuskarsa har tsawon hannu ya ƙare. Ga magini ko ɗan dako wannan ba wata babbar matsala ba ce. Amma ga mai kwafar littafi, da tela, da mai ɗinkin hula, da maƙerin farfaru, shekarun da hannu ya gama nuna su ne shekarun da ido ke fara ja da baya. Kafin a samu tabarau, gwani nawa ne ya ajiye aiki a daidai lokacin da ya ƙware? Allah kaɗai ya san adadinsu.

Tsofaffinmu sukan ce masa manzari, kalmar da ta fito daga Larabci, kuma saiwarta ɗaya da sunan littafin da Ibnul Haisam, mutumin Basra, ya rubuta a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021, wato Kitabul Manazir. A ciki ya yi bayanin yadda haske ke shiga ido da yadda yake karkacewa in ya ratsa gilashi. Shi dai bai ƙera tabarau ba, amma da aka juya littafinsa zuwa Latin, malaman Turai sun sha daga gare shi sosai. Ƙirar kanta a arewacin Italiya ta bayyana wajen 1286. An san haka ne saboda a 1306 wani malamin Kirista mai suna Giordano ya faɗa a cikin wa'azinsa a birnin Fulorans cewa ba a cika shekara ashirin ba da gano wannan sana'a, har ya ce ya ga wanda ya fara ta, sun yi magana. Sai dai bai ambaci sunansa ba. A littafin tarihin wani gidan ibada na birnin Fisa kuma an rubuta cewa wanda ya fara ƙirar ya ƙi ya koya wa kowa, sai wani ɗan gidan mai suna Alessandro della Spina, wanda ya rasu a 1313, ya gani ya kwaikwaya, ya shiga koya wa duk mai so da zuciya ɗaya. Mai rowar ya tafi da sunansa, na mai koyarwar ne ya iso gare mu bayan shekara 700.

Tabarau na farko ba shi da ƙafafun da ake maƙalawa a kunne. Gilashi ne guda biyu, kowanne a cikin zoben itace ko ƙashi ko ƙaho mai ɗan mariƙi, sai a haɗa mariƙan biyu da ƙusa ɗaya, a ɗora a kan karan hanci ana tallafe da hannu. A 1953 an tsinci irinsu a ƙarƙashin katakon daɓen wani gidan ibada na mata a Wienhausen ta Jamus, inda suka zurare ta tsakanin katako suka kwanta shekaru aru-aru. Abin mamaki shi ne gilashin ya ci gaba da sauri, domin a 1462 sarkin Milan, Francesco Sforza, ya aika Fulorans a kawo masa dozin uku, har da na masu ganin kusa da ba sa hangen nesa. Amma dabarar da za a sa abin ya zauna a fuska ta gagari mutane fiye da shekara 400. Wasu suka ɗaura da zare a kunne, wasu suka maƙala a hula, wasu suka yi mai matse hanci. Sai a shekarun 1720 masu sana'ar a Landan suka fito da mai ƙafafu, su ma gajeru ne, a gefen kai suke matsewa. Wannan ya nuna mini cewa firam ɗin da muke rainawa, muna cewa ai gilashin ne magani, shi ne ɓangaren da ya fi ba masu fasaha wahala.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin wannan sana'a shi ne wuraren da ta yi saiwa. Mutum zai zaci a manyan birane za ta zauna, kusa da masu karatu da masu kuɗi. Ina! A ƙauyukan kan duwatsu ta zauna, inda dusar ƙanƙara ke rufe gona wata da watanni, manomi ya rasa abin yi. A yankin Morez na Faransa, maƙeran ƙusa ne, har a 1796 wani daga cikinsu mai suna Pierre-Hyacinthe Caseaux ya lanƙwasa wayar da yake ƙusa da ita ya fitar da firam. A Cadore ta Italiya, wani ɗan koli mai yawo da kaya, Angelo Frescura, shi da ɗan'uwansa da wani maƙeri Giovanni Lozza suka buɗe masana'anta a 1878 a bakin rafi, ruwa na juya musu injin. Duk Bahaushen da ya tashi a karkara ya san wannan labari ko da bai taɓa ganin ƙanƙara ba. Abin da rani yake a wurinmu shi ne hunturu a wurinsu: in an kai amfani gida, wani ya kama saƙa, wani jima, wani ƙira, wanda ba shi da sana'a kuwa ya ɗauki buhu ya tafi cin rani.

Labarin Japan ya fi sauran fitowa fili, don haka zan ɗan daɗe a kansa. A 1905 wani mai faɗa a ji a wani ƙauye kusa da birnin Fukui, Masunaga Gozaemon, ya dubi yadda ƙanƙara ke zaunar da mutanensa, samari kuma suna ficewa birane, ya lura karatun jarida yana yaɗuwa a ƙasar, ya ce lallai za a buƙaci tabarau. Ya ɗauko gwanaye daga Osaka suka zo suka koya wa 'ya'yan manoma. Hikimarsa ita ce bai tara su wuri ɗaya a ƙarƙashinsa har abada ba. Ya raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace da ubangidanta da yaransa, suna gasar kyan aiki a tsakaninsu, wanda ya ƙware kuma a sallame shi ya buɗe nasa wurin. Da haka sana'ar ta bazu cikin garin Sabae da kewayensa, har ta kai yau fiye da kashi 90 cikin 100 na firam ɗin da ake ƙerawa a Japan daga wannan yanki yake fitowa. A nan ne kuma a 1981 aka fara cin nasarar yin firam da ƙarfen titaniyom, ƙarfe marar nauyi da ba ya tsatsa, amma mai taurin kai wajen yanka da walda. Mutanen garin sukan ce firam ɗaya yakan bi matakai wajen 200 kafin ya kammala, kuma ba a rufi ɗaya ake yin su ba: wannan gida gaɓa kawai yake yi, wancan 'yan ƙananan sukurori, na gaba goge kawai ya sani. Garin gaba ɗayansa shi ne masana'antar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kayan da ake aikin da su ma suna da nasu tarihin. Da can ƙaho ne da ƙashi da fata da itace, sai kuma sarkinsu, ɓawon bayan wani kunkurun teku, mai ruwan zuma da ɗigon baƙi. Abin da ya sa masu sana'a suka so shi, in aka jiƙa shi aka gasa aka danne, ɓallinsa biyu sukan manne su zama ɗaya ba tare da gam ba, don haka ko ya karye ana iya ɗinke shi ba a ga tabo ba. Son da aka yi masa ya kusa ƙarar da dabbar, har aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1977, Japan ma ta daina shigo da shi a farkon shekarun 1990. 'Yan tsirarun da ke aikinsa a Faris yanzu da tsohon ajiya suke yi. Ni dai ban ga abin baƙin ciki a wannan hani ba. Ado bai kai a shafe halittar Allah saboda shi ba. Ƙahon ɓaunar Asiya kuwa har gobe ana aiki da shi, ana yanka shi falle-falle a manne, ba shi da nauyi, ba ya sa ƙaiƙayi, sai dai yana son a riƙa shafa masa mai, in ba haka ba bushewa yake ya tsage. Ban san yadda zai kwashe da hunturun Kano ba in mai shi malalaci ne.

Daga wajen 1870 aka samu roba ta farko, seluloyid, wadda ake haɗawa da auduga da kafur. Tana da sheƙi mai zurfi, amma kamar fetur take da wuta, shi ya sa daga baya aka koma ga ƙanwarta, asitet, ita ma daga auduga da ɓargon itace. Masu yin mataji su ne suka fara sanin hannun waɗannan kaya. Gidan Mazzucchelli na Italiya, wanda yau allunan asitet ɗinsa suka shahara a duniya, da maɓallai da matajin ƙaho ya fara a 1849. Garin Oyonnax na Faransa kuwa da mataji ya yi suna, sai a shekarun 1920 matan Turai suka shiga yayin aske gashi ya zama gajere, kasuwar matajin ado ta faɗi warwas, masu sana'ar suka juya ga tabarau da wasu kayan roba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

To yaya ake aikin? Asitet yakan zo ne allo-allo kamar katako, launinsa ya ratsa har ciki, ba fenti ba ne a sama. Sai an bar allon ya sha iska ya bushe sosai, domin ɗanye in an yanka shi daga baya murɗewa yake. A zana fuskar firam a kai, a yanke, a huda gurbin idanu biyu, a sassaƙa ɗan kwari a ciki inda bakin gilashi zai zauna. Daga nan magagari ya karɓi aiki. Wurin da ya fi kowane wuya shi ne inda zai zauna a kan hanci, domin nauyin tabarau duka a nan yake sauka, kuma hancin mutum biyu ba ya zama ɗaya. In gwani ya ci da yawa, abin ya riƙa zamewa. In ya rage, ya bar wa mai shi jan tabo. Ƙafafun kuwa, sai a gasa su a cusa musu siririyar waya a tsakiya tun daga gaba har baya, ita ce ƙashin bayan da ke sa in an lanƙwasa ƙafa ta bi bayan kunne ta tsaya a yadda aka bar ta. Gaɓar da ƙafa ke naɗewa a kanta, a aikin gargajiya huda ake yi a zura ƙusoshi su fito ta gaba, a daddaƙe kansu, a goge su yi daidai da fuskar firam. Waɗannan 'yan ɗigon ƙarfe da ake gani a kusurwar tsohon tabarau ke nan. A na zamani da yawa ado ne kawai aka liƙa, ba sa riƙe komai.

Sai goge, wanda shi ne rabin sana'ar. Akan zuba firam a cikin wasu manyan gangunan katako tare da gutsattsarin itace ko gora da garin goge, a bar su suna juyawa dare da rana na kwanaki, ana sauya ganga daga mai kaushi zuwa mai laushi. Amma ganga ba ta da ido, duk kusurwar da ta samu cinye ta take yi. Saboda haka a ƙarshe dole mutum ya zauna gaban faifan ƙyalle mai juyawa, ya riƙe firam da yatsu yana kai shi yana janyewa. In ya danna da ƙarfi zafi ya ƙona robar, in ya yi sako-sako sheƙi ba zai fito ba, in ya yi gaggawa layin da mai zane ya so ya tsaya da kaifi sai ya dusashe. Ba a rubuta wannan a littafi. A yatsu yake zama, kuma sai an shekara da shekaru. 'Yan'uwa masu gyaran rubutu sun san irin wannan aiki, inda jimla ɗaya za ka shafe ta sau goma, kuma ka san akwai shafar da in ka ƙara ta ɓaci.

Na fara sanin bambancin waɗannan abubuwa ne a kan tabaran mahaifina, Allah ya jiƙansa. Baƙi ne mai kauri, da ƙusoshi uku-uku a kowace kusurwa, ya fi shekara ashirin yana karatu da shi, an sauya masa gilashi ya fi sau uku amma firam ɗin na nan. Wata rana ƙafa ɗaya ta saki, ya aike ni da shi wurin wani dattijo mai gyaran agogo a bakin kasuwa, domin a garinmu mai agogo shi ne likitan tabarau. Dattijon ya juya shi, ya ɗaga shi sama ya duba, ya ce, "Yaro, wannan na Malam ne ko?" Na ce, "Nasa ne, Baba." Ya ce, "To zauna, irin wannan ba ya mutuwa." Ya fitar da tsohuwar ƙusa, ya yanko 'yar waya ya zura, ya ɗora a kan ɗan guntun ƙarfe ya daddaƙe da wata guduma da ba ta fi yatsa ba. Sannan ya kara ƙafar a saman fitila daga nesa-nesa har ta yi laushi, ya tambaye ni ko kunnen Malam na dama ya ɗan fi na hagu sauka, domin ya ga alamar haka a yadda firam ɗin ya karkace. Ni da nake kwana gida ɗaya da shi ban taɓa lura ba. Ya lanƙwasa, ya goge da gefen rigarsa, ya ce in gaida Malam.

Shekaru da yawa bayan haka na sayi nawa a wani shago mai sanyin na'ura, da sunan wani kamfanin Turai a rubuce a ƙafarsa. Bai cika wata bakwai ba gaɓar ta fita da naman robar gaba ɗaya, fentin ya soma ɓarewa, fari ya bayyana a ƙasa. Na kai wa masu gyara biyu, kowanne ya ce babu inda zai kama, narkakkiyar roba ce aka zuba a mazubi, ba waya a ciki, ba ƙusa. Da ka shafa gefensa ma za ka ji ɗan layin inda bakin mazubin ya haɗu. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, to wannan ko arahar ma bai yi ba.

Duk da haka ba zan yarda in zagi tabaran inji ba, domin zaginsa rashin adalci ne. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ta ce mutane fiye da miliyan 800 ne ke fama da raunin ganin kusa ba tare da sun samu tabaran da zai gyara musu ba. A wani bincike da aka buga a 2018 kan masu tsinkar ganyen shayi a Assam ta Indiya, waɗanda aka ba tabaran karatu abin da suke tsinka a rana ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100. Waɗannan bayin Allah ba firam ɗin Sabae suke jira ba, wanda kuɗin guda ɗaya zai ciyar da gida wata da watanni. Abin da zai kai gare su shi ne na masana'antun Sin, irin wanda ɗan koli ke bazawa a faranti a ƙofar masallacin Juma'a, tsoho ya gwada wannan ya gwada wancan yana duban tafin hannunsa har ya dace. Da babu gara ba daɗi, kuma wannan ma ya wuce ba daɗi, rahama ce.

Inda nake da ja shi ne tsakiya, wato kayan inji da ake sayarwa da kuɗin aikin hannu. Kalmar "aikin hannu" kanta ta zama abin talla. Gaskiyar magana, ko a Sabae da Cadore yau na'ura mai kwamfuta ce ke yanke yawancin allunan, kuma ban ga laifin haka ba, tunda zarto bai fi ta tsarki ba. Abin tambaya shi ne ko akwai mutumin da ya riƙe wannan firam ya dube shi, ya gyara zamansa, ya yi shi yadda in ya lalace wani mai hannu zai iya ceto shi. Kuma tarihin sana'ar ya nuna yadda ƙarami ke zama dodo. Leonardo Del Vecchio a gidan marayu ya tashi a Milan, ya koyi sassaƙar ƙarfe yana yaro, ya buɗe ɗan wurinsa a Agordo cikin duwatsun Italiya a 1961 yana yi wa wasu ƙananan sassan firam. Kafin ya rasu a 2022, kamfaninsa Luxottica ya sayi Ray-Ban a 1999, ya sayi Oakley a 2007, ya haɗe da Essilor mai yin gilashi a 2018, ga kuma dubban shaguna a hannunsa. Sunaye barkatai da mai saye ke gani a kanta yana zaton zaɓi yake yi, da yawansu gida ɗaya suke komawa.

Ƙananan masu sana'ar kuwa suna nan suna fama. A Sabae adadin wuraren aikin ya ragu ƙwarai daga abin da yake a farkon shekarun 1990, lokacin da kamfanoni suka soma kai aikinsu Sin, kuma da yawa daga cikin gwanayen da suka rage tsofaffi ne, 'ya'yansu sun tafi Tokyo da Osaka, abin da Masunaga ya so ya hana tun farko. Rabon aikin da ya ɗaukaka garin shi ne kuma rauninsa, domin in gidan da ke yin gaɓa ya rufe, ko tsohon da ke goge ya kwanta dama ba magaji, gidaje goma ne aikinsu zai tsaya. Wasu sun nemi mafita ta hanyar fito da sunan kansu maimakon yi wa manyan kamfanoni aiki a ɓoye, 'yan kaɗan ma har yanzu suna riƙe da seluloyid duk da haɗarinsa, saboda masu son irin sheƙinsa. Wasu kuma sun ɗauki ƙwarewar da suka samu wajen sarrafa titaniyom suka shiga ƙera almakashi da hantsakin da likitoci ke yi wa ido tiyata da su.